Fuskar Ɗan Fari

Da sunan Allah, wanda ya gina jikin ɗan Adam, ya bayyana masa wani sashe, ya ɓoye masa wani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ina so in rubuta abin da ya gudana tsakanina da ɗan farina a daminar da likitoci suka ɗebi jini daga gindin ƙwaƙwalwarsa, tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kuma tsura masa ido. Haka na taso na tarar. Mahaifina, wanda haƙar kuza ta kawo shi Jos yana saurayi, bai taɓa ambaton sunan yayana ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Nawa ɗan kuwa kunyarsa biyu ce, domin sunan mahaifin nawa aka raɗa masa. Da aka yaye shi, yayata ta ɗauke shi, a hannunta ya girma a Laranto. Na sani sarai wannan kunya ba ta cikin littafi. Na shafe fiye da shekara arba'in ina karantar da fiƙihu a zaurena da ke Kwararafa, ban taɓa cin karo da ita a matani ko a sharhi ba. Amma al'ada tana rigan karatu shiga jikin mutum, kuma ba ta fita don kawai an gano ba ta da hujja.

Ɗan nawa ya zama tela, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku. Kullum da hantsi, kafin ya buɗe shago, sai ya biyo ta zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, ni kuma in amsa idona na kan littafi. Da muryarsa na san shi, da takalmansa, da bayan hannunsa idan ya ajiye mini goro a gefen buzu. Da aka fara cewa ya yi ƙiba, wuya ya cika, kumatu sun fito, sai na ji daɗi a ɓoye. Masu zuwa karatu, yawancinsu 'yan kasuwa da direbobi, sukan ce, "Allah gafarta Malam, ɗinki ya karɓi mutumin." In ce musu, "Haka nake ji." Gaskiya kuwa na faɗa, domin ji kawai nake yi.

Wata safiya, ana yayyafi mai sanyi, zauren ba kowa sai ni, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Na amsa, na sallame shi. Bai tashi ba. Na ji numfashinsa ya sauya, na ji tafin hannunsa yana laluben ƙasa. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya sake komawa. Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Idona yana kan layi ɗaya, ina maimaita shi ba tare da na san abin da yake cewa ba, ina gaya wa kaina cewa idan na ɗaga kai zan kunyata shi. Daga ƙarshe ya ja jiki zuwa bango, ya dafa, ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Na tafi, Baba." Na ce, "Allah ya kiyaye." Ya daɗe a bakin ƙofa yana neman takalminsa ɗaya da ƙafa.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne taubashina, ɗan goggona, tsohon wanzami, wanda tun muna yara ba ya raga mini. Bayan kwana biyu ya shigo zaure, ya zauna ba a ce masa ya zauna ba, ya ɗauki gorona ya ɓantara.

Ya ce, "Alaramma, ana nan ana shan tawada?"

Na ce, "Ana nan. Kai ma ana nan ana tsaga bayin Allah?"

Ya ce, "Naka dai na daina tsaga shi."

Sai ya gaya mini yaron ya je masa neman ƙaho saboda ciwon baya. Da ya tuɓe riga, ya ga tsagar da ya yi masa tun makonnin baya ba ta rufe ba, inda ƙahon ya zauna kuma ya yi baƙi kamar an doke shi da taɓarya. Fatar ta yi siriri kamar ɓawon albasa. A cikinsa akwai zane-zane masu faɗin yatsa, ja mai duhu, a ƙeyarsa tozo ya fito. Ciki kamar randa, ƙafafu kamar sillen kara.

Ya ce, "Shekara hamsin ina kallon bayan mutane. Wannan ba ƙibar hutu ba ce. Kai da kake karanta ƙananan rubutun gefen littafi ba tabarau, fuskar ɗanka ce ta gagare ka?"

Na ce, "Ka san halin gidanmu."

Ya ce, "Na sani, ai gidanmu ne. Ni ma ba na kiran sunan nawa, amma ina satar kallonsa idan ya juya. Kai tsoron Allahnka ya yi yawa, ko satar ba ka yi."

Mu uku muka je asibiti, ni da ɗana da matarsa. Likitar da aka tura mu wurinta 'yar ƙasar nan ce, Kirista, daga ƙauyukan kan dutse, mace mai natsuwa, Hausarta irin wadda ake koya a kasuwa da gidan maƙwabta. Ta sa shi ya tashi daga kujera ba tare da ya dafa komai ba, ya kasa. Ta yi wa matar tambayoyi, sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Baba, kai ne ka san shi tun yana ƙarami. Yaushe ne fuska na shi ya fara zama haka?"

An sha yi mini tambayoyi masu wuya a kan gado da saki, ban taɓa rasa abin cewa kamar ranar ba. Matar ta sunkuyar da kai, ta ciro waya, ta nuna wa likita hoton ranar aurensu. Likita ta juyo da wayar wajena don in gani, ni kuma na dubi ƙasa.

Aka yi makonni ana gwaje-gwaje. Aka tara fitsarinsa na yini da kwana, aka ba shi ƙwaya aka auna jini washegari, aka gano suga da hawan jini waɗanda bai san yana da su ba. Aka sa kansa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Bayan duk wannan ta sake kiranmu, ta yi mana bayani a hankali. Ta ce akwai wani sinadari da jiki yake fitarwa lokacin tsoro ko wahala, kaɗan ake buƙata, amma a jikinsa ya ƙi tsayawa, shi ne yake cin tsokarsa da ƙashinsa da fatarsa. Mai ba da umarnin fitar da shi wata 'yar ƙwaya ce kamar wake, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci. Yawanci wani ɗan ƙari ne yake fitowa a jikinta ya riƙa ba da umarni ba ƙaƙƙautawa. Amma wani lokaci ƙarin yana wani wuri dabam, kamar huhu, yana aika irin wannan umarni daga can. Hoton kansa kuwa bai nuna komai a fili ba.

Ta ce, "Idan mun shiga kai, ashe abin yana ƙirji, mun ɓata wurin da ba shi da laifi. Idan mun zauna muna jira, ciwon ba ya jira. Ƙaramin zazzaɓi zai iya kayar da shi."

Abin da ya rage, in ji ta, shi ne a tambayi jinin kansa. Za a huda jijiya a gindin cinyarsa ta dama da ta hagu, a zura wasu siraran robobi kamar zare, a bi da su ta cikin jijiya, su wuce ciki, su wuce ƙirji, su hau wuya, har su isa inda jinin 'yar ƙwayar yake gangarowa. A ɗebi jini a can dama da hagu, a ɗebi na hannu a lokaci guda, a yi masa allura mai tsokanar ƙwayar, a sake ɗiba, a sake. Idan umarnin ya fi yawa a jinin kai fiye da na hannu, to daga kai yake.

Na ce, "Wannan ai aikin mahaifina ne." Na gaya mata yadda ya ba mu labarin masu neman kuza. Kafin a haƙa, sai su bi rafi suna wanke yashi a kwano, lungu bayan lungu, suna hawa. Inda baƙin da ke kwantawa a gindin kwano ya fara nauyi, sun kusa tushe. Idan na sama da na ƙasa duk ɗaya ne, to ba daga wannan tudun take gangarowa ba.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ka ba ni aron wannan, ɗalibai na ba su gane da Turanci." Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce dole ta gaya mana sauran. Yawanci abin da ake samu kumburi ne a cinya, ya warke. Amma wurin da robar take zuwa maƙwabcin inda numfashi da motsi da magana suke ne. Ba kasafai ba, amma yakan faru jini ya daskare a can, ko jijiya ta ji rauni. Wanda hakan ya same shi ba ya komawa yadda yake. Ɗana ya karɓi biro ya sa hannu. Na bi yatsunsa da ido, domin hannu dai ina iya kallo.

Ana saura kwana uku a yi aikin, wanzami ya zo da saƙo daga ɗana. Ya ce, "Ya ce in tambaye ka hukunci. Wai za a buɗe shi a gaban mutane, har da mata." Na gyara zama, na ba shi amsa cikakkiya, cewa lalura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon lalurar, na kawo sharuɗɗa, na ce a rufe abin da ba a buƙatar buɗewa. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ka gama? Mutum yana tsoron mutuwa ka aika masa da fatawa. Ya san hukuncin nan tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Hanya yake nema ka ce masa ya zo."

Ban ce masa ya zo ba. Na ƙara addu'a, na ɗauka ta wadatar.

Mai yin wannan aiki wani likita ne da yake zuwa Jos daga nesa lokaci bayan lokaci, a wani asibiti da ke bakin gari. Da sassafe aka shiga da ɗana. Muka zauna a baranda, ni da matarsa da wanzami, ruwa yana dukan kwano har ba ma jin juna. Na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Bayan kamar awa biyu, wata nas ta fito da sauri ɗauke da bokitin ƙanƙara, ƙananan kwalabe cike da jini a tsattsaye a ciki, kowace da 'yar takarda a manne. Ta wuce ta gabanmu ba ta dubi kowa ba. Na bi bokitin da ido har ya sha kwana. Jinina ne a ciki, daga wurin da ko mai shi bai taɓa gani ba.

Aka gungura shi zuwa ɗakin maza. Nas ɗin ta ce mutum ɗaya za a bari tare da shi, kuma namiji. Zai kwanta a miƙe awa shida, kada ya naɗe ƙafa, kada ya tashi zaune. Mun riga mun shirya wanzami ne zai zauna. Sai ta ƙara da cewa, "Wanda zai zauna ya zama mai gani sosai. Ya riƙa duban fuskarsa. Idan baki ya karkace, ko ido ɗaya ya faɗi, ko magana ta harɗe, a kira mu nan take. Ya riƙa kiran sunansa kuma, ya ji ya amsa."

Wanzami ya ce, "To, 'yata, ni yanar ido ta rufe mini ɗaya, ɗayan ma na aro ne. Ga Alaramma nan, yana ganin ɗigon wasali daga bakin ƙofa." Ya dafa kafaɗata ya tura ni ciki, ya ja ƙofa.

Na zauna a kujerar gefen gado. Yana kwance, idanunsa a lumshe saboda maganin da aka ba shi. Na fara da hannunsa, inda na saba. Na hau zuwa kafaɗa, zuwa wuya. Sannan na dubi fuskar ɗana, yana da shekara arba'in da uku.

Ta yi zagaye, ta yi ja, fatar tana sheƙi kamar za ta tsage. Amma a ƙarƙashin kumburin na ga goshin mahaifina, na ga hancin mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Akwai furfura a gemunsa, ban san yaushe ta fito ba. Na buɗe baki in kira shi, na fasa. Sunan mutumin da na sa a kabari da hannuna ne, kiransa a kan wanda yake kwance a miƙe, an rufe shi da farin mayafi har ƙirji, ya sa tsigar jikina ta tashi. Na daure na kira. Muryata ta fito kamar ta wani.

Ya buɗe ido ya ce, "Na'am, Baba." Ya dube ni, ya yi saurin kawar da kai, ni ma na kusa kawarwa.

A nan ne na ga abin. Fatar idonsa na hagu ba ta ɗaga kamar ta dama ba. Ta tsaya a rabi. Na ce ya sake buɗewa, ya buɗe, tana nan a sauke. Abin da nas ta faɗa ke nan, ido ɗaya ya faɗi. To amma yanzu ya faɗi, ko haka yake? A karatu muna cewa idan shakka ta shigo, a koma ga abin da aka tabbatar tun farko. Na nemi abin da na tabbatar game da idon ɗana, ban sami komai ba. Kowane maƙwabcin shagonsa zai iya amsa wannan tambaya, kowace mace da ta taɓa kai masa ɗinki. Ni da aka ajiye don gadinsa ban sani ba, kuma an ce a wannan al'amari jinkiri kaɗan yana da tsada.

Na fita baranda da gudun da rabona da yi tun ina saurayi. Nas ta zo, likitarmu ta biyo ta da 'yar tocila a hannu. Ta haska idonsa, ta ce ya yi murmushi, ya zaro harshe, ya matse yatsunta. Sannan ta juyo ta ce, "Baba, da ma haka ido na shi yake?"

Karo na biyu ke nan take tambayata, karo na biyu ba ni da amsa.

Shi ne ya amsa, a hankali, yana kallon silin. Ya ce, "Tun ina shekara tara ne, Baba. Akuyar Goggo ce ta tunkuye ni, aka ɗinke. An aiko an gaya maka, ka aiko da rubutu na sha."

Na tuna rubutun. Na tuna har allon da na yi shi a kai.

Likita ta kashe tocilar. Ta ce, "Ba komai. Gara ka kira mu sau goma a banza." Ta fita, ta bar mu da ƙarar ruwa.

Da azahar ta yi, ya ce, "Baba, salla fa?" Wannan karon ba ɗan aike. Na ciro ɗan dutsen taimama da nake yawo da shi a aljihu, na riƙe masa, ya buga, ya shafa fuska da hannaye. Na ce ya yi niyya, ya yi kabbara yadda yake kwance, ya yi nuni da kai a ruku'u, ya ƙara sunkuyarwa a sujada. Da ya idar na ga inda na kama tsintsiyar hannunsa ya yi shuɗi, shatin yatsuna huɗu, alhali ban matsa ba. Ya ce lokacin da robar ta isa sama ya ji ƙara a cikin kunnensa kamar ana taka keken ɗinki a cikin kansa. Ya ce ya ji tsoro. Na ce na sani. Na ci gaba da kiran sunan, yana amsawa, har awa shidan ta cika.

An aika jinin wani gari mai nisa, sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki amsa ta dawo. Likita ta ce jinin kai ya rinjayi na hannu nesa ba kusa ba, kuma ɓangaren dama ya fi nauyi. Daga kai yake. Matarsa ta yi hamdala, ta fara share hawaye. Likita ta bari ta gama, sannan ta ce mun san tudun, amma ba mu ga tushen ba. Ƙarin ya yi ƙanƙanta har hoto bai kama shi ba. Mai fiɗa zai shiga ta hanci ya nema da idonsa, zai fara da dama, amma nauyin dama ba alkawari ba ne. Yakan samu, yakan kuma fito bai samu ba. Kafin nan sai suga da hawan jinin sun sauka. Ta ce ƙasusuwa biyu na bayansa sun riga sun durƙushe, waɗannan ba za su miƙe ba, zuciyarsa ma ta gaji.

Na ce, "Da an kawo shi shekara biyu da suka wuce fa?"

Ta ce, "Baba, kar mu je wurin nan."

Ban je ba a gabanta, amma ina zuwa ni kaɗai. Na san ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya. Na kuma san an umarce mu da riƙon sababi, kuma sababin nan ya yi shekaru yana zuwa bakin ƙofata kullum da hantsi, yana cire takalmi.

Yanzu an sa ranar fiɗa a watan gobe. Na sa an kawo kujera mai hannu an ajiye a zaure, na hana shi durƙuso. Wanzami ya ce na zama Bature da tsufana, na ce ya je ya nemi maganin idonsa. Idan yaron ya zo, ina rufe littafi, in kira shi da sunansa, in dube shi. Har yanzu mu duka biyu ba mu iya daɗewa, shi yakan dubi bango, ni nakan ji kamar na aikata abin kunya. Amma ina bin fuskar kamar yadda nake bin matani, daga goshi zuwa haɓa, ina haddacewa, domin za a sake kwantar da shi a miƙe, za a sake neman wanda zai zauna a gefensa. Allah ya sa a sami abin da ake nema.

Jiya na ga ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama kumburi, takalmin ya ƙi shiga. Na sa matarsa, wadda ta rako shi, ta kira likita tun bai bar zauren ba. Likita ta tambaya ko da ma haka take. Na karɓi wayar na ce a'a, shekaranjiya ba haka take ba. Ta ce mu kawo shi yanzu.